Me ya sa Creedence Clearwater Revival ba su taɓa zuwa na ɗaya a Amurka ba?

Tambayarka, ɗan'uwa, ita ce: ka daɗe kana jin ana lissafa Creedence Clearwater Revival cikin manyan makaɗan rok na Amurka, amma da ka bi diddigi sai ka tarar ko waƙa ɗaya tasu ba ta taɓa hawa lamba ta ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100 ba. Shin maguɗi aka yi musu, ko kuwa zuzuta su ake yi fiye da ƙima?

Abin da ka gano gaskiya ne. Sau biyar suna zuwa na biyu, ba su taɓa zuwa na ɗaya ba. Sai dai ba maguɗi a ciki, ba kuma zuzutawa. Na shafe shekaru ina tara tsofaffin faya-fayan garmaho ina kuma bibiyar jadawalan wancan zamani, kuma a iya sanina ba wata ƙungiya da lambar nan ta fi yi wa ƙarya kamar wannan. Kafin in kawo maka waƙoƙin, bari mu fara da shi kansa ma'aunin, don a nan yawancin ruɗanin yake.

Mujallar Billboard ta fara fitar da Hot 100 a watan Agusta na 1958. A zamanin da muke magana a kai, wato 1969 da 1970, babu na'urar da ke ƙirga abin da aka sayar. Mujallar tana tattara rahoto ne daga shagunan sayar da faifai, su faɗi waɗanda suka fi tafiya a makon, sannan ta haɗa da jerin waƙoƙin da gidajen rediyo suka ce suna sakawa, ta raba maki. Ƙirga ciniki kai tsaye ta kwamfuta sai a 1991 ya shigo. To ka ga lamba ta ɗaya ba ta nufin waƙar da ta fi kowace kyau, ba ta ma nufin wadda za ta fi cinikuwa a ƙarshe. Tana nufin wadda ta fi maki a cikin waɗannan kwana bakwai kaɗai. Waƙa tana iya yin ƙarfin da a wani watan da ta zauna a sama hankali kwance, amma idan ta yi karo da wadda duniya ta haukace a kanta a daidai wannan mako, sai ta haƙura da na biyu.

Haka ta yi ta faruwa da su. "Proud Mary" ta kai na biyu a watan Maris na 1969, ta tarar da "Everyday People" ta Sly and the Family Stone a gabanta, wannan na sauka kuma "Dizzy" ta Tommy Roe ta tsallake ta. Da bazarar shekarar "Bad Moon Rising" ta iso na biyu, abin da ya tare ta kuwa kiɗa ne zalla babu murya, na Henry Mancini, wanda aka ɗauko daga wani fim na Romeo da Juliet. Ta uku ita ta fi ban haushi. "Green River" ta tsaya bayan "Sugar, Sugar" ta The Archies, ƙungiyar da babu ita a zahiri: 'yan wasan zanen yara ne na talbijin, mawaƙan haya suka rera a situdiyo. Amma kada ka raina ta, mako huɗu ta yi a sama, kuma ita Billboard ta ayyana a matsayin babbar waƙar 1969 gaba ɗaya. A farkon 1970 faifan "Travelin' Band" da "Who'll Stop the Rain" ya yi kiciɓis da "Bridge over Troubled Water" ta Simon da Garfunkel, wadda ta yi mako shida ba ta motsa ba, ta kuma zama babbar waƙar 1970. Na ƙarshe shi ne "Lookin' Out My Back Door", a bayan "Ain't No Mountain High Enough" ta Diana Ross. Cikin karo biyar ɗin nan, biyu da gwarzuwar waƙar shekara suka haɗu. Wanda zai kayar da waɗannan biyun a makonninsu, ban san shi ba.

Kuma Billboard ba ita kaɗai ce mai jadawali ba. Mujallar Cash Box, wadda 'yan kasuwar faifai na lokacin suke duba sosai, ta sa "Lookin' Out My Back Door" a na ɗaya. A Ingila "Bad Moon Rising" ta yi mako uku a saman jadawali a 1969. Abin da ya sa ake ta maimaita zancen "ba su taɓa ba" shi ne Billboard ce ta rayu har yau, Cash Box kuwa ta daina fitowa a takarda tun shekarun 1990, sai lissafin mai rai ya zama shi ne tarihi.

Akwai kuma wani dalili da ya fito daga su kansu, kuma shi ne wanda na fi son a fahimta. Sai ka riƙe ƙaramin faifan a hannunka za ka gane. Faɗinsa inci bakwai ne, bugun Amurka yana da babban rami a tsakiya, yana juyawa sau 45 a minti, kowace fuska tana ɗaukar waƙa ɗaya ta kimanin minti uku. Al'adar kamfanoni ita ce a sa waƙar da ake son tallatawa a fuskar farko, a cike ta bayan da duk abin da ya samu, don kada masu gabatar da shiri a rediyo su rarrabu. John Fogerty, wanda shi ke rubuta waƙoƙin Creedence, ya ƙi bin wannan al'ada. Ina da faifan da ke ɗauke da "Down on the Corner". Ka ɗora allura, ka ji waƙar nishaɗi ta yaran da ke kiɗa a bakin titi suna neman taro da sisi. Ta ƙare, ka juya faifan, sai "Fortunate Son" ta faso da kiɗan ganga da muryar mutumin da ransa ya ɓaci, minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, a kan yadda ake kwasar 'ya'yan talakawa zuwa yaƙin Biyetnam ana barin 'ya'yan manya a gida. Wani kamfanin da waɗannan biyun zai ci kasuwar wata shida. Su sun sayar da su a kuɗin faifai ɗaya.

Illar wannan a jadawali ita ce, kafin ƙarshen Nuwamba na 1969 Billboard tana lissafa kowace fuska daban. Idan wasu gidajen rediyo suka juya faifan suka fi son ta bayan, makin ya rabu biyu. Bayan "Bad Moon Rising" akwai "Lodi", wadda ta shiga jadawali da ƙafarta ta kai 52. Bayan "Green River" akwai "Commotion", ta kai 30. "Fortunate Son" ta kai 14 ita kaɗai, sannan mujallar ta canza tsari ta fara haɗa fuskokin biyu a gurbi ɗaya, sai faifan ya tashi zuwa na uku. Ba zan rantse maka cewa da ba a raba makin ba da "Green River" ta ture The Archies ba. Amma waƙar da ke kokawar na ɗaya alhali ƙanwarta tana ɗebe mata maki daga baya, ai da hannu ɗaya take dambe.

Yanzu mu bar ƙananan faya-fayai mu duba manya, wato kundin waƙoƙi, inda maganar ta sha bamban.

Su huɗu ne, 'yan garin El Cerrito kusa da San Francisco a jihar Kalifoniya: John Fogerty mai waƙa da jagorar gita, yayansa Tom Fogerty mai gitar rakiya, Stu Cook mai gitar bes, da Doug Clifford mai ganguna. John da Stu da Doug tun suna 'yan makaranta a 1959 suke kiɗa tare da sunan Blue Velvets. Da suka shiga hannun kamfanin Fantasy, wanda a lokacin aka fi sani da kiɗan jaz, kamfanin ya laƙaba musu suna Golliwogs ba da son ransu ba, suka yi ta fitar da faifai ba ciniki. Sai da Saul Zaentz ya karɓi kamfanin a 1967 suka sauya suna. Na kawo wannan ne don ka san cewa lokacin da duniya ta fara jin su, sun yi kusan shekara goma suna gogawa. Shi ya sa suka iya gudun da suka yi.

Kundinsu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a 1968 ya tsaya a 52. A cikinsa akwai "Suzie Q", tsohuwar waƙar Dale Hawkins, wadda suka ja ta wuce minti takwas don gidajen rediyon FM na San Francisco masu son dogon kiɗa. Da za a sa ta a ƙaramin faifai sai da aka raba ta gida biyu, ta kai 11. Daga nan sai shekarar 1969, wadda a cikinta kaɗai suka fitar da kundi uku. Bayou Country a Janairu ya kai na 7. Green River a Agusta ya hau na ɗaya, ya yi mako huɗu, kuma Abbey Road na Beatles ne ya sauke shi. Willy and the Poor Boys a Nuwamba ya kai na 3. A tsakiyar wannan duka suna yawon wasanni, har da babban taron kiɗa na Woodstock a Agusta, inda suka hau dandali bayan ƙungiyar Grateful Dead, dare ya raba, jama'a da yawa sun yi barci. John bai gamsu da wasan ba, ya hana a sa su a fim ɗin taron, shi ya sa mutane da yawa har yau ba su san sun je ba. Sai a 2019 aka fitar da cikakken wasan nasu na wannan dare.

Wani abin dariya a gefe: duk wanda ya ji Bayou Country zai rantse mutanen fadamun Luwiziyana ne, masu kwale-kwale da kada a bayan gida. Alhali 'yan unguwar ma'aikata ne a Kalifoniya, kuma kogin da ya zama "Green River" wani rafi ne mai suna Putah Creek a can jiharsu, inda ake kai John yana yaro. Kudun Amurkan da ke cikin waƙoƙinsu daga faya-fayan da suka taso suna ji suka gina shi.

Ƙololuwarsu ita ce Cosmo's Factory, Yuli 1970. Cosmo laƙabin Doug Clifford ne, masana'antar kuwa wani sito ne a Berkeley inda suke gwaji kusan kullum kamar ma'aikatan kamfani, sunan daga nan ya fito. Kundin ya yi mako tara a lamba ta ɗaya a Amurka, ya kuma hau na ɗaya a Ingila. Waƙoƙi shida daga cikinsa sun fito a ƙananan faya-fayai uku, dukansu sun shiga biyar na farko: faifan "Travelin' Band" da na "Lookin' Out My Back Door" da na ambata a na biyu, da "Up Around the Bend" haɗe da "Run Through the Jungle" a na 4. Duk da haka suka bar wuri ga "I Heard It Through the Grapevine" mai minti goma sha ɗaya. To ka haɗa: mako huɗu da mako tara, mako goma sha uku ke nan a saman jadawalin kundi cikin kimanin shekara ɗaya. Ƙungiyar da ake cewa ba ta taɓa zuwa na ɗaya ba ke nan. Kuma a wancan lokaci kuɗi da daraja sun riga sun fara komawa ga kundi, ƙaramin faifai ya zama kamar ɗan talla.

Ni a ganina ma lissafin da ya fi nuna ƙarfinsu shi ne wannan: daga "Proud Mary" a farkon 1969 zuwa "Sweet Hitch-Hiker" a 1971, ƙananan faya-fayai tara suka fitar a jere, duk tara sun shiga goma na farko. Mawaƙa da yawa sun taɓa na ɗaya suka ɓace. Tommy Roe da ya tare su da "Dizzy", yau in ba mai tone-tone irina ba wa ke nemansa?

Gangarowar ta zo da sauri. Pendulum ya fito a Disamba 1970 ya kai na 5, daga cikinsa "Have You Ever Seen the Rain" ta kai na 8. John ya sha faɗa cewa waƙar a kan halin da ƙungiyar ke ciki take, sun samu duk abin da suka nema amma ba mai farin ciki. Shi ke rubutawa, shi ke rerawa, shi ke tsara kiɗa, shi ke kula da ɗauka a situdiyo, har harkar kuɗi da kwantiragi shi ya riƙe. Sauran suna ganin an mai da su 'yan amshi. Tom, wanda shi ne babba kuma shi ne mai waƙar ƙungiyar a da, ya fice a farkon 1971. Ukun da suka rage suka yi Mardi Gras a 1972, inda Stu da Doug suka rubuta suka rera nasu kason. Har yau ɓangarorin biyu ba su daidaita a kan yadda aka yi ba: John yana cewa su suka nema, su suna cewa tilasta musu ya yi. Kundin ya kai 12, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, musamman Jon Landau a mujallar Rolling Stone. Na saurare shi ba sau ɗaya ba ina neman abin da zan kare shi da shi. Ban da "Someday Never Comes", wadda ta tsaya a 25, da "Sweet Hitch-Hiker", sauran ba sa riƙe kunne. A Oktoba 1972 aka sanar da watsewarsu. Kundi bakwai cikin shekara huɗu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ƙara tona asirin jadawalin mako. A 1976 Fantasy ya tattara manyan waƙoƙinsu ashirin a kundi mai suna Chronicle. Da ya fito da ƙyar ya kai 100, kowa ya ɗauka an gama da su. Amma bai daina sayuwa ba, daga faifai zuwa kaset zuwa CD zuwa intanet. Ya wuce kwafi miliyan 10 a Amurka, ya kuma shafe sama da mako 500 a jadawalin kundi na Billboard 200, kuma matsayinsa mafi girma bayan fiye da shekara arba'in da fitowarsa ya same shi. "Have You Ever Seen the Rain", wadda ba ta wuce na 8 ba, da "Fortunate Son", wadda ta fito a bayan faifai, kowace ta haura sauraro biliyan ɗaya a Spotify. Ita "Fortunate Son" 'yan fim sun taimaka mata. Ta zama kusan dole a duk inda za a nuna jirgin sama mai saukar ungulu a sararin Biyetnam.

Idan kana tara faya-fayansu, ga wani tarko. A 1980 kamfanin ya fitar da wani wasan kai tsaye da sunan an ɗauke shi a Royal Albert Hall na Landan. Daga baya aka gano kaset ɗin na wasan Oakland ne na Janairun 1970, aka sauya sunan zuwa The Concert. Ainihin wasan Landan sai a 2022 ya fito. Wanda ya samu bugun farko mai sunan kuskure, ya adana shi.

Da ka tambaye ni inda aka cuce su, ba jadawali zan nuna maka ba, kwantiragi zan nuna. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da Fantasy suna matasa ta ba kamfanin mallakar waƙoƙin da John ya rubuta, ta kuma ɗaure shi da bashin waƙoƙi masu yawa da sai ya kawo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1980 ya sarayar da kasonsa na cinikin faya-fayan don ya kuɓuta, ya kuma yi shekaru ba ya rera waƙoƙin Creedence a dandali don kada ya ƙara wa kamfanin ciniki. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa a 1987 mawaƙi Bob Dylan ne ya tsokane shi da cewa in bai rera "Proud Mary" ba, duniya za ta ɗauka waƙar Tina Turner ce. Tsokanar tana da tushe, don juyin da Ike da Tina Turner suka yi mata a 1971 ya kai na 4, ya kuma ciyo musu kyautar Grammy.

Da ya dawo da kundinsa na kansa, Centerfield, a 1985, ya hau na ɗaya. Sai Fantasy ya maka shi a kotu cewa waƙarsa "The Old Man Down the Road" satar "Run Through the Jungle" ce, wato ya saci waƙar da shi ya rubuta, tun da yanzu tasu ce. A 1988 ya shiga kotu da gitarsa, ya zauna gaban masu taya alƙali yanke hukunci yana kaɗa musu waƙoƙin biyu yana nuna bambancinsu, ya yi nasara. Rigimar wanda zai biya kuɗin lauya kuwa sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke a 1994 a ɓangarensa, kuma lauyoyin haƙƙin mallaka suna kafa hujja da wannan hukunci har yanzu. Tom ya rasu a 1990 ba su gama shiryawa da ƙaninsa ba. A 1993, ranar da aka shigar da ƙungiyar cikin Rock and Roll Hall of Fame, wato zauren karrama manyan makaɗan rok, John ya ƙi yin kiɗa tare da Stu da Doug.

Kamfanin Concord ya sayi Fantasy a 2004. A Janairun 2023 John Fogerty ya sayi kaso mafi rinjaye na mallakar waƙoƙinsa daga hannunsu, yana da shekara 77, shekara hamsin da huɗu bayan fitowar "Proud Mary".